Dillalin da Ba a Gayyata Ba: Manhajojin "Rangwame" Masu Cin La'ada a Wayoyi da Kwamfutocinmu

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin hanyar Hunƙuyi lokacin da tumatirin rani ya nuna ya ga yadda ciniki ke tafiya. Kwanduna a jere, motoci na jiran lodi zuwa Kudu, manomi a gefe da gumin lambu a jikinsa, mai saye a ɗaya gefen yana latsa kaya yana taɓe baki. A tsakaninsu akwai mutum na uku, dillali. Shi ke sa baki har "albarka" ta koma "na sallama", a ƙarshe ya karɓi la'adarsa a gaban kowa. An san sunansa, an san gidansu. In ya yi ha'inci akwai sarkin kasuwa, akwai shugaban dillalai, akwai kuma kunyar idon jama'a. Haka abin yake a cinikin rake da mazarƙwaila a Maƙarfi, haka yake a cinikin hatsi a Ikara.

Akwai wani dillalin da ya shigo garuruwan nan ba ta tasha ba. Ta cikin wayar hannu da kwamfuta ya biyo. Yana zuwa ne da sunan taimako: zai nemo maka kaya mafi araha a intanet, zai samo maka lambar rangwame, zai sanar da kai ranar da farashin waya ko na takalmi ya faɗi. Da zarar ka ce masa bismillah, sai ya tare a cikin burauzarka, wato manhajar da kake buɗe shafukan intanet da ita, irin su Chrome da Firefox da Edge. Daga nan sai ya riƙa kallon duk inda ka shiga, yana cusa maka tallan da ba ka nema ba, yana karɓar la'ada a kan cinikin da bai sa baki a ciki ba. Masana tsaron intanet suna kiran irin wannan abu adware. Mu a nan za mu kira shi manhajar cusa talla.

Shekara goma da suka wuce, wannan magana ta 'yan birni ce. Yau ta zama tamu. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, lokacin da aka sauya fasalin naira, mai shayi da mai sayar da taki da mai lodin tumatir duk suka koma karɓar tiransifa. Asusun OPay da Moniepoint da PalmPay sun shiga aljihun mutanen da ba su taɓa taka ƙofar banki ba. Matan aure a Kudan da Likoro suna tallan atamfa da turaren wuta da kayan kicin a WhatsApp. Samari suna leƙa Jumia da Konga, waɗanda suka fara aiki tun 2012, suna leƙa AliExpress, ga kuma Temu da ta shigo Najeriya a ƙarshen 2024 da ruwan talla kamar da bakin ƙwarya. Wayar da ake kallon fim da ita, ita ce kuma lalitar kuɗi. Duk wanda ya samu wurin zama a cikinta, ya zauna ne kusa da lalitar.

Ina ribarsa take?

Manyan shagunan intanet suna da tsarin biyan la'ada, kuma tsarin halastacce ne a kasuwancinsu. Idan mai shafi ko mai tashar YouTube ya yaba wani kaya, ka bi ta adireshin da ya ba ka ka saya, shagon zai ba shi wani kaso na kuɗin. Yadda shagon ke gane wanda ya kawo ka shi ne ta wata 'yar alama da ake ajiyewa a burauzarka, wadda ake kira kuki. A mafi yawan shagunan, wanda alamarsa ta zo ƙarshe kafin ka biya kuɗi shi ke ɗaukar la'adar.

A nan ne dillalin bogi ke cin abincinsa. Yana zaune a burauzarka yana jira. Da ka buɗe shago, sai ya liƙa tasa alamar a ɓoye, ko ya goge ta wani ya sa tasa. Kai da ƙafarka ka zo, ko wani ne ya yi wahalar kawo ka, amma shi za a biya. Kamar ɗan kamashon da bai kira fasinja ba, sai da mota ta cika ya miƙo hannu.

Wannan ita ce ƙaramar ribar. Babbar ita ce talla. Yana ɗora nasa tallace-tallacen a kan shafukan da ba nasa ba, yana sauya sakamakon bincikenka ta yadda abin da zai fara fito maka shi ne na wanda ya biya shi, yana buɗe sababbin shafuka ba tare da ka taɓa komai ba. Kowane kallo da kowane latsi akwai 'yan kuɗin da ke faɗa masa. Sannan akwai bayananka: me ka nema, wane shafi ka buɗe, a wane gari kake, wace irin waya ce a hannunka. Wannan ma haja ce, akwai masu saye.

A 2015 kamfanin Google, tare da masu bincike na Jami'ar Kalifoniya a Berkeley da Santa Barbara, ya auna girman matsalar. Sun gano cewa fiye da kashi 5 cikin 100 na masu shiga shafukan Google suna ɗauke da aƙalla manhajar cusa talla guda ɗaya. Bayan binciken ne Google ya cire wasu 'yan manhajoji 192 na yaudara daga rumbun Chrome, waɗanda suka shafi mutum miliyan 14.

Gargaɗin da ya wuce mu

A watan Agustan 2022, kamfanin tsaro na McAfee ya fallasa wasu 'yan manhajoji guda 5 irin waɗanda ake liƙa wa Chrome, waɗanda Turawa ke kira extension. An sauke su sau miliyan 1.4. Biyu daga cikinsu da sunan cefane suka zo: FlipShope, mai iƙirarin bibiyar farashin kaya, da AutoBuy Flash Sales, mai iƙirarin taya ka cafke kayan rangwame kafin su ƙare. Sauran sun zo da sunan kallon Netflix tare da abokai da kuma ɗaukar hoton shafi. Abin da ya sa aka daɗe ba a gane su ba shi ne, aikin da suka yi alkawari suna yin sa. Amma a bayan fage, duk shafin da mutum ya buɗe sai sun aika adireshinsa ga masu su, in shafin na kasuwanci ne su liƙa alamar la'adarsu. Wasunsu har kwana 15 suke yi lamo bayan an saka su kafin su fara aiki, don kada mai shi ko masu bincike su haɗa ɓarnar da ranar da aka saka su.

A watan Satumbar shekarar, Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, ta bakin sashenta na tsaron kwamfuta, ta fitar da gargaɗi ga 'yan ƙasa a kan waɗannan manhajoji biyar, ta ce duk mai su ya cire su da hannunsa. Dalili kuwa shi ne, cire abu daga rumbun Google ba ya nufin ya fita daga kwamfutar wanda ya riga ya saka shi. Makonni kaɗan kafin haka, hukumar ta yi irin wannan gargaɗi a kan wata cuta mai suna HiddenAds, wadda ta shiga Play Store a cikin rigar manhajojin "share waya" da "ƙara ƙarfin batir". Ita wannan, da ka saka ta sai ta sauya sunanta da tambarinta, ta koma kama da Google Play ko Settings, ta yadda in ka zo neman ta ba za ka gan ta ba.

Gargaɗin ya fito da Turanci, a jaridun Legas da Abuja da shafin hukumar. A ganina, a nan ne aka yi sakaci. Yaron da ke gyaran waya a tashar Hunƙuyi da mai shagon buga takardu a Maƙarfi su ne suka fi kowa buƙatar jin sa, kuma ba a yi musu magana da harshen da suke sauraron rediyo da shi ba.

Ranar da dillalin ya zo a cikin kwali

Labarin da ya fi kowanne nuna haɗarin wannan abu shi ne na Superfish, kuma ya kamata a tsaya a kansa, domin kwamfutocin da abin ya shafa irinsu ne ake sauke mana a matsayin na hannu.

Daga wajen watan Agustan 2014 zuwa farkon 2015, kamfanin Lenovo ya sayar da kwamfutocin tafi-da-gidanka ɗauke da wata manhaja mai suna VisualDiscovery, ta kamfanin Superfish. Tun daga masana'anta aka saka ta. Aikinta a baki shi ne taimakon mai cefane: in ka ɗora linzamin kwamfuta a kan hoton wani kaya a shagon intanet, sai ta fito maka da makamantansa daga wasu shagunan.

To amma shafukan banki da na imel da na manyan shaguna a rufe suke tafiya. Alamar haka ita ce ɗan kwaɗon nan da wasu burauzoji ke nunawa kusa da adireshin shafi. Ma'anarsa abin da ke tsakaninka da shafin a kulle yake, na hanya ba zai iya karantawa ba. Don Superfish ta samu damar cusa talla a irin waɗannan shafuka, sai ta dasa wa kwamfutar takardar shaidar bogi. Kai kana zaton da bankinka kake magana, alhali da Superfish kake magana, ita ce ke buɗe saƙon ta karanta, sannan ta sake rufewa ta miƙa. Kwaɗon yana nan a idonka, mabuɗin kuwa yana hannun wani.

Ba a nan ɓarnar ta tsaya ba. Mabuɗi iri ɗaya aka yi amfani da shi a duk kwamfutocin. A watan Fabrairun 2015 wani masanin tsaro, Robert Graham, ya fasa kalmar sirrin da ke tsare mabuɗin cikin ɗan lokaci, sai ga shi kalmar ita ce "komodia", sunan kamfanin da ya ƙera wannan sashe na manhajar. Daga ranar, duk ɓarawon da ke kan Wi-Fi ɗaya da mai irin wannan kwamfuta zai iya yi masa sojan gona da shafin banki, burauza ba za ta ce uffan ba. Gwamnatin Amurka ta shawarci mutane su cire manhajar da takardar shaidar tata. Lenovo ya nemi afuwa ya fitar da abin cirewa. A Satumbar 2017 ya sasanta da hukumar kare masu saye ta Amurka, ya kuma biya jihohi 32 dala miliyan 3.5. Samfuran ThinkPad ba su shiga ciki ba, na gida ne irin su jerin G da Y da Z da Yoga abin ya shafa.

Babu wanda ya ce Superfish ta zo ne don satar kuɗin banki. Talla ta zo sayarwa. Amma don ta sayar da tallan sai da ta ɓalle ƙyauren gidan, ta bar shi a buɗe ga duk mai wucewa. Wannan shi ne abin da nake so mai karatu ya riƙe game da duk manhajar da ke cikin wannan layi. Kamfanin Microsoft ma ya ba da labarin wata mai suna Adrozek a Disambar 2020, wadda a ganiyarta take kama na'urori sama da 30,000 a rana. Cusa talla a sakamakon bincike ne aikinta, amma a Firefox har kalmomin sirrin da mutum ya ajiye take kwashewa.

Ta wace ƙofa yake shigo mana?

A ƙasar Kudan da Maƙarfi da Ikara waya ta fi kwamfuta yawa nesa ba kusa ba, kuma Chrome na wayar Android ba ya karɓar irin waɗancan 'yan manhajojin liƙe. Saboda haka dillalin ya nemi wasu ƙofofin.

Mafi sauƙi ita ce sanarwa. Wani zai turo adireshi a zauren WhatsApp na 'yan uwa ko na tsofaffin ɗalibai: wani babban shago yana bikin cika shekara, yana raba waya kyauta, ko an buɗe rangwamen kashi 90, ko ana raba data. Ka latsa. Shafin zai ce kafin ka ci gaba sai ka danna "Allow". Wannan dannawa guda ita ce izinin. Daga ranar, ko ba ka buɗe burauza ba, shafin yana da ikon jefo maka saƙo a saman wayarka: ka ci kyauta, wayarka ta kamu da bairos 7, yi maza ka sauke wannan. Sannan zai ce ka tura wa mutum 20 kafin a ba ka kyautar, sai kai ma ka zama ɗan aikensa ba lada.

Ƙofa ta biyu ita ce manhajar da ba daga Play Store ta fito ba. Saboda tsadar data, mun saba da karɓar manhaja ta Xender daga wayar aboki, ko a wurin masu tura fina-finai da waƙoƙi. Mai turin ba mugunta ya nufa ba, shi ma a wani shafin ya kwaso. Amma WhatsApp ɗin da aka yi wa kwaskwarima, da wasan da aka fasa don ya zama kyauta, da manhajar sauke bidiyo da ba a san mai ita ba, sau da yawa da ɗan rakiya suke zuwa. Haka yake ga kwamfuta. Ɗalibi ya sayi ta hannu a Zariya ko Kano don karatu a Samaru ko Kongo ko kwalejin kiwon lafiya ta Maƙarfi, aka loda masa manhajojin da aka fasa, ya sauke wata ya yi ta danna "Next" bai karanta ba, a tsakiyar dannawar ya amince da "mataimakin cefane" da sabon shafin bincike. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Wanda ya ba ka manhajar dubban naira kyauta, akwai inda yake fanshewa.

Akwai kuma wadda take ta kirki, daga baya ta lalace. A 2014 wani marubucin fasaha ɗan Indiya, Amit Agarwal, ya ba da labarin yadda ya sayar da 'yar manhajarsa ta Chrome mai suna Add to Feedly, wadda mutum sama da 30,000 ke amfani da ita. Waɗanda suka saya suka sabunta ta a ɓoye, ta koma cusa talla da alamun la'ada. Masu amfani da ita ba su taɓa komai ba, sun dai wayi gari abin da suka amince da shi ya sauya hannu.

Ƙofa ta ƙarshe ba laifin mai waya a cikinta. A Agustan 2020 sashen bincike na kamfanin Upstream, mai suna Secure-D, ya ce ya samu cutar Triada da xHelper a cikin wayoyin Tecno W2 guda 53,000, waɗanda aka sayar a ƙasashe irin su Habasha da Kamaru da Masar da Ghana da Afirka ta Kudu. A cikin kwali suka zo da ita. Tana jefo talla, tana kuma ƙoƙarin yi wa mutum rajistar wasu hidimomi na biya ba da saninsa ba, a riƙa yankar kuɗin katinsa. Kamfanin Transsion mai Tecno ya ce a hanyar samar da kayan haɗi aka cusa ta ba da saninsa ba, kuma ya fitar da gyara.

Abin da mutum ke asara

Ka tsaya a teburin mai gyaran waya na awa ɗaya, za ka ji ƙorafin da kalmomin da aka saba: wayata tana shan data, tana zafi, caji ba ya daɗewa, kati na saka jiya yau babu ko sisi, abubuwa suna fitowa da kansu. Mutane da yawa batir suke canjawa, ko su ɗora wa kamfanin layi laifi. Sau da yawa kuwa tallan ne ke ci, domin kowane hoto da kowane bidiyon talla da datarka ake sauke shi. Tun da NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a Janairun 2025, wannan yoyo ya ƙara ciwo ga wanda da ƙyar yake sayen data ta mako.

Akwai asarar da ba a faɗa da ƙarfi, kuma ita ta fi damuna. Masu cusa talla ba sa tace abin da suke kawowa. Tallan caca ne, da hotunan tsiraici, da na magungunan maza na bogi. Magidanci ya miƙa wa ɗansa waya ya kalli karatu, ko malamar Islamiyya ta buɗe waya a gaban ɗalibai, sai ga abin kunya ya faɗo. A garin da kowa ya san kowa, irin wannan kan jawo zargi tsakanin miji da mata, ko tsakanin uba da ɗa, a kan abin da babu wanda ya nema. Wanda abin ya faru da shi kuma kunya kan hana shi kai wayar gyara, sai ya yi ta fama shi kaɗai. Ya kamata a sani cewa fitowar irin waɗannan hotuna a sanarwa ba hujja ba ce a kan mai waya. Shafin kyautar data ma yana kawo su.

Sai babban haɗarin: 'yar manhajar da ka ba izinin karantawa da sauya duk abin da ke shafukan da kake shiga tana iya ganin abin da kake rubutawa, har lambar katin banki. A waya kuma, manhajar da ta samu izinin karanta saƙonni tana iya ganin lambar OTP da banki ya turo.

Har masu suna ba su tsira daga zargi ba. Honey, 'yar manhajar neman rangwame da PayPal ya saya a kan kimanin dala biliyan 4, ta shiga tsaka mai wuya a Disambar 2024, lokacin da wani mai tashar YouTube da ake kira MegaLag ya zarge ta da sauya alamar la'adar wasu da tata a daidai wurin biya, ko da ba ta samo wa mai saye rangwame ba. PayPal ya ce tana bin ƙa'idojin da aka saba da su a harkar, an kuma shigar da ƙararraki a Amurka. A Maris 2025 Google ya tsaurara dokar rumbun Chrome: ba a yarda 'yar manhaja ta liƙa alamar la'ada ba sai ta ba mai saye wani amfani na zahiri, kuma sai da saninsa.

Yadda ake korarsa

A waya, a fara da sanarwa, don nan ne mafi yawan matsalar take, kuma ba ta buƙatar ko kwabo. Buɗe Chrome, taɓa ɗigo ukun nan na sama, shiga Settings, sai Site settings, sai Notifications. Za ka ga jerin shafukan da ka ba izini. Duk wanda ba ka sani ba ka toshe shi. A nan dai ka tabbatar Pop-ups and redirects a toshe yake. In kana da wata burauzar a wayar, ita ma ka bi ta haka.

In tallan bai tsaya ba, musamman in yana rufe fuskar waya kana tsakiyar wani aikin, to manhaja ce. Shiga Settings na wayar, buɗe jerin Apps gaba ɗaya, ka bi su ɗaya bayan ɗaya da natsuwa. Nemi wadda ba ka tuna ka saka ba, da wadda ba ta da suna ko tambarinta fari ne fat, da wadda ta fito sau biyu, da duk mai sunan share waya ko rangwame ko kyauta. Ka tuna lokacin da matsalar ta fara, ka tuna kuma cewa wasu sukan yi mako biyu kafin su motsa. In maɓallin cirewa ya ƙi dannuwa, ta ba kanta muƙamin mai kula da waya ne. Nemi Device admin apps a sashen tsaro ka ƙwace muƙamin, sannan ka cire ta. Leƙa Accessibility da Display over other apps, duk baƙuwar da ka gani a can ka kashe mata izini. In tallan ya hana ka sakat, kunna wayar a Safe mode. A yawancin wayoyi, danne maɓallin kashewa za ka yi, sannan ka danne Power off har zaɓin ya fito. A wannan yanayi manhajojin da aka saka daga baya ba sa motsi, sai ka cire su a tsanake. Ka ƙarasa da buɗe Play Store ka sa Play Protect ya bincika wayar.

Goge waya ta koma sabuwa shi ne matakin ƙarshe. Kafin a yi, a kwashe hotuna da lambobi, a kuma tabbatar an san imel da kalmar sirrin Google da ke kan wayar, in ba haka ba za ta kulle bayan gogewar. Mutane da yawa a ƙauyukanmu wani ne ya buɗe musu imel ɗin ranar da suka sayi waya, ba su taɓa sanin kalmar ba. In bayan gogewa tallan ya dawo, kamar yadda xHelper ta yi suna da yi, to cutar a ƙashin wayar take, sai ofishin gyara na kamfanin.

A kwamfuta, kuskuren da aka fi yi shi ne cire 'yar manhajar daga burauza kawai, washegari ta dawo, domin uwarta tana cikin Windows. A fara da uwar: buɗe jerin manhajojin da ke kwamfutar, jera su bisa ranar da aka saka su, cire duk baƙuwar da ta shigo daidai lokacin da damuwar ta fara. Sannan a rubuta chrome://extensions a wurin adireshi, a cire duk abin da ba dole ba. Sai a shiga Settings na burauzar a danna Reset settings, wanda zai mayar da shafin farko da injin bincike yadda suke, ba tare da ya taɓa adiresoshin da ka adana ba. In kwamfutar taka ce ta kanka amma Chrome yana cewa wata hukuma ce ke kula da shi, to manhajar ce ta kafa wa kanta doka don kada a cire ta. A nan AdwCleaner na kamfanin Malwarebytes yana da amfani, kyauta ne, amma daga shafin kamfanin kaɗai za a sauke shi. A bi bayansa da cikakken bincike na Microsoft Defender da ke cikin Windows. Kada a taɓa sauke maganin da tallan da kansa ya kawo. Wanda ya ce maka wayarka ko kwamfutarka ta kamu, danna nan, shi ne cutar.

Masu tsofaffin kwamfutoci su lura: Chrome ya daina sabunta kansa a Windows 7 tun farkon 2023, Microsoft kuma ya rufe tallafin Windows 10 na yau da kullum a ranar 14 ga Oktoban 2025. Kwamfutar shagon buga takardu da ɗalibai ke cike fom ɗin JAMB da na neman aiki a kanta, in irin wannan ce, kada a shiga asusun banki da ita.

Bayan an share, sai a canja kalmomin sirri, a fara da na imel domin shi ne uwar sauran, sannan na banki da Facebook. In an taɓa rubuta lambar kati a na'urar lokacin da take da cutar, a je banki a toshe katin a karɓi sabo. Wanda ake yanka wa kuɗin kati ya yi amfani da lambar 305, wadda NCC ta ware a duk layuka don dakatar da hidimomin da aka yi wa mutum rajista. Aika STOP zuwa 2442 yana tsayar da saƙonnin talla. In kamfanin layi bai share hawaye ba, layin ƙorafi na hukumar shi ne 622, kuma kyauta ne.

Ga 'yan uwana masu gyaran waya da masu turi da masu shagon kwamfuta a Hunƙuyi da Kudan da Maƙarfi da Ikara: jama'a amanar wayoyinsu suke ba ku, yawancinsu ba sa karanta Turancin da ke fitowa a fuskar waya. In dattijo ya kawo muku waya tana shan data, ku duba jerin sanarwa da na manhajoji kafin ku ce a yi filashin ko a canja batir. In kun buɗe wa mutum imel, ku rubuta masa kalmar sirrinsa a takarda ya tafi da ita. Manhajar da ba ku san asalinta ba, kada ku tura wa kowa. NCC da hukumar bunƙasa fasahar zamani ta ƙasa, NITDA, kuma su riƙa kai irin gargaɗin 2022 gidajen rediyon Kaduna da Zariya da Kano da harshen Hausa, a ranar da suka fitar da na Turancin.

Kai kuma mai karatu, kafin ka kwanta yau ka buɗe Chrome, ka shiga Site settings, ka duba su wa ka ba izinin aiko maka da sanarwa. Wanda ba ka san shi ba, ka toshe shi, sannan ka duba wayar mahaifiyarka da ta iyalinka.